Kiran WhatsApp da layin intanet mai lamba: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Malam, bari in maimaita tambayarka saboda waɗanda ba su gani ba. Ka ce wani kamfani ya tallata muku layin wayar intanet don ofishinku na mutum shida, takardarsa cike da SIP, PBX, DID da kodek, alhali ku da WhatsApp kuke kiran abokan hulɗarku, shi ma kuwa ta intanet yake bi. To me ya raba su, kuma me za ku biya wa kuɗi?

Da gaskiyarka ta wani ɓangare. Abu ɗaya suke yi wa muryarka, kuma a wajen injiniyoyi sunansu ɗaya, wato VoIP, tura murya ta intanet. Tsohuwar wayar tarho shatar mota take ɗauka: da an ɗaga kira an keɓe muku hanya daga wannan kai zuwa wancan, ko kuna magana ko kun yi shiru, ba mai shiga sai kun ajiye. Ta intanet kuwa motar haya take hawa. Ana mayar da murya lambobi, a yayyanka ta ƙananan fakiti, galibi kowanne ɗauke da maganar milisakan 20, wato fakiti 50 a sakan guda. Su bi hanya ɗaya da bidiyo da imel da duk abin da wasu ke turawa, a can kuma a sake jera su. Abin ma ba sabo ba ne, tun 1995 kamfanin VocalTec na Isra'ila ya fitar da manhajar kira ta kwamfuta.

Tunda hanyarsu ɗaya, cutarsu ma ɗaya ce. Akwai jinkiri: hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada murya ta wuce milisakan 150 kafin ta isa kunnen mai sauraro, idan kuwa ta haura 400 hira ta lalace, sai ku riƙa cin karo da juna a magana. Akwai hawa da saukar jinkirin, inda wani fakiti ya iso da wuri wani ya makara, dole na'ura ta ɗan tara su kafin ta saki, tarawar kuma ƙarin jinkiri ce. Sai ɓacewar fakiti. Idan fakitin imel ya ɓace a hanya ana sake turo shi, na murya kuwa ba a jiransa, domin kalmar da ta iso a makare ba ta da amfani. Shi ne kake jin magana tana gutsirewa. Duk kamfanin da ya ce muku layinsa ba ya yankewa, ku tambaye shi ko shi zai ba ku intanet ɗin. Idan intanet ɗinku na rawa, layin da kuka biya da WhatsApp tare za su yi rawa.

Kodek shi ne tsarin da ke matse murya kafin a tura, ya warware ta bayan ta isa. G.711, wanda aka tsayar tun 1972, yana auna murya sau 8,000 a sakan, yana cin kilobit 64, kuma shi ne muryar tarho da kowa ya sani, wadda ba ta ɗaukar sautin da ya haura 3,400 Hz. G.729 yana matse ta zuwa kilobit 8, amma za ka ji ta ɗan shaƙe. G.722 yana kaiwa 7,000 Hz, shi ne wayoyin ofis ke yi wa laƙabi da HD. Opus, na 2012, yana iya sauka har kilobit 6 ya kuma hau har 510 gwargwadon ƙarfin netwok, shi ya sa manhajojin kira da yawa suka rungume shi. Wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba: kowane fakiti na ɗauke da bait 40 na adireshi da lissafi ban da muryar kanta. A G.729 muryar bait 20 ce kawai, ka ga ambulan ya ninka wasiƙa biyu. Saboda haka, idan aka haɗa da ɗan ƙarin da netwok ɗin kansa ke ɗorawa, kiran G.711 a zahiri kusan kilobit 87 yake ci kowane ɓangare, na G.729 kuma wajen 31. Ko ku shida kuka hau waya lokaci guda, ɗan sama da rabin megabit kuke bukata kowane ɓangare. Matsalar ba ta cika zama yawan data ba, sai dai wani a ofis ya kama loda bidiyo ya danne muryar. Maganinsa saitin da ake kira QoS a rauta (na'urar da ke raba muku intanet a ofis), wanda ke ba fakitin murya gaba.

A WhatsApp ba ruwanka da wannan duka, manhajar ke zaɓa, kuma sau da yawa muryarsa ta fi ta layin da aka biya tsabta, domin da kira ya fita zuwa layin tarho na gama-gari yakan koma ƙuntatacciyar muryar nan ta da. Idan daɗin murya kawai kuke nema, ku riƙe kuɗinku.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Lamba ce ta raba su.

Lambar da kake gani a WhatsApp suna ne kawai. An yi amfani da ita an tantance ka ranar rajista, shi ke nan. Kiran ba ya bi ta kamfanin layinka, kuma ba ya fita daga gidan WhatsApp: dole wanda kake kira ya kasance yana da manhajar, yana da data, a lokacin. Ba za ka kira tarhon banki da shi ba, mai ƙaramar waya marar intanet kuma ba zai same ka ta nan ba. Layin da aka tallata muku yana da ƙofa zuwa babbar hanyar tarho ta duniya, wadda takardar za ta kira PSTN. Kowa zai iya buga lambarku daga kowace irin waya, ku ma ku buga ta kowa. Wannan ƙofar ake biya wa kuɗi, saboda kamfanin shi ma biyan kamfanonin waya yake yi kafin su karɓi kiransa. Skype, da ya fito a 2003 Microsoft ya rufe shi a Mayun 2025, ya haɗa duka biyun a manhaja ɗaya: daga Skype zuwa Skype kyauta, zuwa lambar waya kuma sai da kuɗi.

Da ka gane wannan, sauran kalmomin takardar sun zo da sauƙi. DID ita ce lambar da duniya za ta riƙa bugawa ta faɗo kai tsaye wajenku. PBX shi ne mai raba kira a cikin gida, wanda ke ba kowa 'yar gajeriyar lamba kamar 101 da 102, ya kuma san inda zai kai kowane kira. A da akwati ne a bango, yanzu manhaja ce. Asterisk, da Mark Spencer ya fara a 1999, kyauta ma ake samun ta. Idan sun ce nasu na gajimare ne, suna nufin yana kan kwamfutocinsu, ba sai kun ajiye komai ba. ATA ɗan akwati ne da ake jona tsohuwar wayar tebur da shi ta koma ta intanet. SIP kuwa shi ne yaren da na'urorin ke yi wajen ƙulla kira da kashe shi, an fara tsayar da shi a 1999, aka sabunta a 2002. Amfaninsa gare ku shi ne buɗaɗɗe ne, wayar wannan kamfani za ta yi aiki da layin wancan. WhatsApp nasa tsarin a rufe yake.

Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani wata rana: SIP ba ya ɗaukar murya. Aikinsa ya ce ga kira, ta yi ƙara, an ɗaga, an ajiye. Muryar wata hanya take bi mai suna RTP. Shi ya sa za ka ga waya ta yi ƙara lafiya lau, an ɗaga, amma ɗaya na ji ɗaya ba ya ji. Yawanci rauta ce ta bar na farkon ya wuce ta tare na biyun, kuma sau da yawa kashe saitin SIP ALG a cikinta ke warware matsalar.

Sai abubuwan da ake iya yi da kira, inda tazarar ta fi faɗi. Mutane na yawan haɗa karkatar da kira da miƙa kira, alhali daban suke. Karkatarwa tun kafin a ɗaga take faruwa, bisa ƙa'idar da ka saita: ko kowane kira ya tafi wata lamba, ko sai kana kan wani kiran, ko sai ba ka ɗaga ba, ko sai ba a same ka ba. Wannan ko layin sim na yin sa, da *21*, *67*, *61* da *62*, a kuma soke duka da ##002#. A Amurka da Kanada kuwa idan ka sa *67 gaban lamba, ɓoye lambarka yake yi, don haka kada ka kwafi irin waɗannan lambobi daga intanet ba ka duba na wace ƙasa ba ne. Miƙawa kuma bayan ka ɗaga ne, ka ji bukatar mutum, ka tura shi wajen wanda ya dace. Iri biyu ce. Akwai ta kai tsaye, ka tura ka ajiye, ko an ɗaga can ko ba a ɗaga ba. Akwai wadda za ka dakatar da mai kiran, ka fara yi wa abokin aikinka bayani, sannan ka haɗa su. Ni ta biyun nake ba ofis shawara, don ba abin da ke ƙona ran mai kira kamar a sa shi maimaita ƙorafinsa daga farko.

Manhajar WhatsApp da ke wayarka ba ta miƙa kira zuwa lambar wani, ba ta da layin jira inda masu kira ke bin sahu har a samu wanda ya gama, ba ta da muryar nan mai cewa danna 1 don kaza, wadda takardar za ta kira IVR. A layin ofis za ku iya sa lamba ɗaya ta kaɗa wayoyi shida lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya, ku sa kiran dare ya tafi akwatin saƙon murya, saƙon kuma ya iso imel, ku ga lissafin wa ya kira, yaushe, wa ya ɗaga. Ana iya naɗar kira ma, amma dokar naɗa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu wuraren sai da yardar duk masu maganar. Shi kuma WhatsApp ya fi ƙarfi a bidiyo, da kiran rukuni har mutum 32, da tura hoto ko takarda kuna cikin magana.

Ta fuskar sirri WhatsApp ne a gaba, ba ko tantama. Tun 2016 kiransa a kulle yake daga waya zuwa waya. Layin SIP ba dole ne ya zo a kulle ba, sai an kunna makullansa, wato TLS da SRTP, kuma ko an kunna, kullen a wajen kamfanin yake ƙarewa idan kiran zai fita zuwa layin gama-gari. Ga kuma ɓarayin layi, masu sakin manhajoji suna laluben asusun SIP mai raunin kalmar sirri, idan sun samu su kwana suna kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada da sunanku. Ku sa kalmar sirri mai ƙarfi, ku rufe kiran ƙasashen da ba ku da hulɗa da su. Haka nan lambar da ke fitowa a fuskar waya ba shaida ba ce, mai kira ke rubuta ta, shi ya sa 'yan damfara ke iya aron lambar banki. Amurka ta tilasta wa manyan kamfanonin wayarta tsarin tantance lambar mai kira na STIR/SHAKEN daga Yunin 2021 saboda haka.

Wuri ɗaya da duka biyun suka gaza tsohuwar waya shi ne lokacin gaggawa. WhatsApp da kansa ya rubuta cewa ba ya kiran lambobin agaji irin su 112 da 911. Layin intanet mai lamba yana iya yi a wasu ƙasashe, amma adireshin da kuka yi rajista da shi zai nuna, ko da wayar tana wani gari. Sannan tsohon layin tagulla daga ofishin waya yake samun wutarsa, na intanet kuwa da wuta ta ɗauke rauta ta mutu, ya mutu. Ko me kuka zaɓa, a bar layin sim ɗaya a ofis. Shi ma fa idan ka ga VoLTE a saman wayarka fakiti yake turawa, sai dai a hanyar kamfanin layinka, da lambarka ta ainihi, kuma ana ba murya gaba.

Ra'ayina, Malam: idan ku ke kiran mutane, kuma mutanen sanannu ne masu WhatsApp, ba ku da bukatar sabon layi. Idan kuwa baƙi ne ke kiran ku, ana yawan cewa an kira ba a samu ba, ko abokan hulɗa sun saba da lambar ma'aikaci ɗaya wanda gobe zai iya barin aiki ya tafi da su, to layin ya cancanci kuɗinsa, kuma ba zai hana ku ci gaba da WhatsApp ba.

Kafin ku sa hannu, ku tambaye su kira nawa lambar ke ɗauka lokaci guda, don wayoyi shida ba ya nufin kira shida. Idan hanya biyu suka ba ku, na ukun zai ji layi a cike. Ku tambaya ko da sakan suke lissafi ko da minti, da abin da ke cikin ƙananan rubutu a ƙarƙashin kalmar "ba iyaka". Ku nemi gwaji a kan intanet ɗinku, a lokacin da ofis ya fi cika, ku kira wani layi mai danna 1 danna 2 ku ga ko yana jin dannawarku, domin nan ma akan samu matsala. Sannan ku sa su rubuta muku ko za ku iya ɗauke lambar zuwa wani kamfani idan kun rabu. Idan suka kama kwana-kwana a kan wannan, kada ku buga lambar a takardun ofis.