XFS ko ZFS: wanne za a ɗora PostgreSQL a kai?

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa a wurin masu haɗa sabar PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, a Linux. XFS da ZFS duka hanyoyi ne na tsara fayiloli a kan faifai, to bari mu jera su.

Wajen sauƙi, XFS ba shi da tsarabe-tsarabe. Red Hat ta mayar da shi zaɓinta na farko tun RHEL 7, wato bugu na bakwai na Linux ɗinta, a 2014. Ka tsara faifai, ka sa noatime (saitin da ke hana rubuta lokacin da aka karanta fayil), shi ke nan. Sai dai faɗaɗa shi ake yi, ba a rage shi.

ZFS kuwa sai an zauna masa. In ba a taɓa recordsize ba, wato saitin girman gutsure, yana rubutu ne a gutsure mai girman 128K, alhali shafin PostgreSQL, wato gutsuren da shi yake rubutawa, 8K ne. Gyaran layi ɗaya tak sai ya jawo sake rubuta gutsuren gaba ɗaya. Shi ya sa ake saukar da shi zuwa 16K ko 32K, ko da yake matse bayanan da lz4 ke yi don rage cin wuri yakan ragu. Ga cin RAM, domin ARC, ma'ajiyar ZFS a RAM, yakan riƙe abin da shared_buffers, ma'ajiyar PostgreSQL, ya riga ya riƙe.

Amma wahalar tana da lada. Kowane gutsure na da checksum, lambar da ke tona asiri in ya lalace, don haka bayanai ba sa ruɓewa a ɓoye. ZFS ba ya rubutu kan tsohon wuri, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta barin rabin shafi, har ana iya kashe full_page_writes, kariyar da PostgreSQL ke yi wa wannan matsalar. A XFS kada ka kuskura!

Mai neman gudu da ƙarancin kulawa, XFS ya ishe shi. Mai wadatar RAM da ke son snapshot, wato hoton bayanai da za a iya komawa gare shi, kafin kowane babban gyara, ZFS ne nasa.