Fulawar bakin kududdufi: aiki ya yi kyau, gyara ce ta kashe min karfasa

Tun farko in faɗa, ban ce kar kowa ya sayi tsirrai a wajen mai fulawar nan ba, amma duk wanda zai saya ya tsaya a kansa lokacin dasawa, kar ya bar wa yaransa. Masu fulawar bakin titi ne irin waɗanda ke jere a hanyar Ikorodu a Legas, ɗan uwanmu ne ma daga gida, shi ya sa ban ja ciniki da shi sosai ba. Ɗan kududdufin siminti gare ni a bayan gida, akwai tarwaɗa da karfasa a ciki, gefe ɗaya inda ruwa ke malala kullum a jiƙe yake sai caɓi, na ce masa ina son tsirran da za su rufe wajen su kuma jure ruwa. Ya ce Alhaji ka bar min komai.

To na bar masa ɗin. Na tafi gida Sallah, suka zo suka dasa ba na nan, da za su tafi wai yaronsa ya jefa gyara a cikin ruwan, 'yan tushe kaɗan masu shuɗin fure, ya ce wa uwargida kyauta ce daga oga. Ita kuma ta ga fure mai kyau ta yi godiya har da ba shi na mota. Da na dawo wallahi ban ga ruwa ba. Kore shar daga wannan bango zuwa wancan, saiwoyi baƙaƙe sun cushe bakin famfon da ke juya ruwan ya daina aiki, ga wari na tashi. Ashe kainuwar nan ce ta lagun, babban ruwan nan na Legas, wadda Yarbawa ke ce wa gbeborun, wadda duk ƙarshen damina take toshe wa jiragen ruwa hanya a Ebute, tashar jiragen ruwan Ikorodu, har masu zuwa tsibirin Legas su koma bin mota cikin gosulo. Abin da tun 1984 da ya shigo ta ruwan Badagry ake fama da shi, shi wani ya ɗebo ya kawo min gida da sunan alheri. Ana cewa kainuwa dashen Allah, wannan kam dashen mai fulawa ce. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta, in ta rufe saman ruwa ba rana ba iska, kifi ya rasa numfashi. Tarwaɗa ta tsira don ita tana leƙowa sama ta shaƙi iska, karfasa kuwa sai kwasarsu muka yi sun juya ciki sama, yaran gidan har da kuka. Ga sauro da ya samu maɓoya a ƙarƙashin ganyen, magariba ba a iya zama a wajen.

Na kira shi, ya ce Alhaji yi haƙuri sharrin yara ne, zan turo a kwashe. Har yau ana turowa. Ni da mai gadi muka kwashe a buhu muka shanya a rana ta bushe, don in ka zubar da ita ɗanya a kwata to ka kai wa maƙwabta.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, abin da ya dasa da hannunsa a gefen mai caɓi ya burge ni. Ya sa gwaza irin mai faɗin ganye daf da ruwa, ita ko ruwa ya kwanta a gindinta ba ruwanta, ruwan Yuni da Yuli da ya yi ta zuba kamar ba gobe ƙara mata kyau ya yi. Bayanta ya sa ciyawar nan mai kama da lema, ya bar ta a cikin tukunya ya nutsa tukunyar a ƙasa don kar ta yaɗu ta cinye wajen, wannan dabara ce ta wanda ya san aiki. Sai albasar kwaɗi da wata fulawa mai jan fure da ake ce wa canna can baya inda ƙasa ke da laima amma ruwa ba ya tsayawa. Shi ne ma ya fahimtar da ni cewa ɗaya gefen kududdufin busasshe ne tunda siminti ba ya yoyo, kusa da ruwa ba shi ne jiƙa ba, in an sa mai son ruwa a can sai an riƙa ban ruwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Gwazar dai a hana yara tauna ganyen, ƙaiƙayi gare shi ba kaɗan ba.

Da a nan ya tsaya da na ce ku je kawai. Sai dai yanzu da nake rubutun na tuna da kariya. Kariya fa, wadda ke tsiro a fako a gida ba mai ba ta ruwa, ita aka dasa min guda biyu a tsakiyar caɓi kuma aka sa min a lissafi da tsadarta. Gindin ya yi laushi ya ruɓe, kana taɓawa yatsa na shigewa. Bayan haka ƙaron jikinta dafi ne, har kifi ake kashewa da shi, me ya kai ta bakin ruwan kifi? Da na tura masa hoto a WhatsApp sai ya ce wai ruwa ne ya yi mata yawa. To da wa ya kai ta cikin ruwan, ni?

Kuɗin kariya bai dawo ba, karfasa ma ni na sake saya. Gwaza da lemar zan iya komawa wajensa in ƙaro, amma da kaina zan ɗauko a Keke, kuma duk yaron da ya ce ga gyara zan ce ya riƙe abinsa.