Naira 150,000 a wani ofishin neman tallafin karatu a Yaba: abin da kuɗina ya saya

Mutum uku ke nan cikin wata guda suna tare ni bayan an idar da sallar Juma'a a Agege, nan Legas, kowa da tambaya iri ɗaya: ofishin nan na Yaba da ka kai wa kuɗi don neman tallafin karatun digiri na biyu, ya biya ko asara ce? Ɗaya daga cikinsu ma uba ne, ’yarsa tana ajin ƙarshe a jami'a. Na gaji da maimaita magana a tsaye a bakin titi, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan ofishin ba zan kama ba, domin irinsu sun cika Yaba da Ikeja, kuma abin da na gani a can za ka iya tarar da shi a kowanne.

Ni haifaffen Agege ne. Na gama digirin farko a fannin tattalin arzikin noma a 2021, na yi bautar ƙasa, tun daga nan kuma ina tare da kawuna a sashen albasa na kasuwar Mile 12. Ni ke riƙe masa littafi: mota nawa ta sauka daga Aliero ko Sakkwato, buhu nawa ya ruɓe a hanya, wa ya ɗauki kaya bashi, wa ya biya. Wannan aiki shi ne abin da nake jin kunyar faɗa idan na shiga cikin abokan karatuna. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A Yulin 2024 na hau bas ɗin BRT daga Mile 12 na sauka Jibowu, na ƙarasa da ƙafa. Ofishin ɗaki biyu ne a saman bene, matattakalar duhu, amma ciki tsaf, ga sanyin na'ura, ga tutocin Ingila da Kanada da Jamus a kan tebur, bango cike da hotunan yara sanye da rigunan sanyi. Farashi kashi uku ne. Zama ɗaya na shawara naira 20,000. Rakiya daga farko har ƙarshe 150,000. Sai na sama, wanda su za su rubuta maka komai kai dai ka sa hannu, 400,000. Na zaɓi na tsakiya, kuma rabin kuɗin wurin Kawu na ranta.

Da na gaya masa abin da zan yi da su, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Kai yaro, ashe dillalai ne. To mu a nan dillali ba ya karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. Su waɗannan tun kafin a ga kaya?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, na boko daban ne." Ya ƙirgo ya ba ni, bai ƙara cewa komai ba.

Zaman farko da matar da ke da ofishin, wadda kowa ke kira Madam, shi kaɗai ya isa kuɗin shawara har da ƙari. Na je da jerin tallafi goma sha ɗaya da na kwaso a intanet. Ta ɗauki jan biro ta dinga sokewa tana faɗa mini dalili. Rhodes na Jami'ar Oxford yana da iyakar shekaru, kuma guraben da ake ware wa Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Gates Cambridge, wanda aka kafa a 2000, yana neman sakamakon da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ba ta yi mini kara ba, kuma na ji zafi a ranar, amma ta cece ni daga ɓata wata uku. Aka bar ni da uku: Chevening na gwamnatin Birtaniya, shirin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan da suka shafi raya ƙasa, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai.

A nan na fara gane cewa kowane tallafi da irin mutumin da yake nema. Chevening digiri na biyu ne na shekara ɗaya, kuma sai kana da aikin shekara biyu a bayanka, wanda suke ƙirgawa da awa 2,800. Madam ta sa na buga lissafin da kaina: ko da a ce an ƙirga maka shekarar bautar ƙasa cur, awa 40 a mako sau 52 bai wuce 2,080 ba. Ke nan wanda ya gama bautar ƙasa jiya bai kai ba. Shirin DAAD ɗin ma shekara biyu na aiki yake so. Erasmus Mundus kuwa yawancin kwasa-kwasansa ba sa tambayar aiki, da yawa ma suna karɓar takardun ɗan ajin ƙarshe da sharaɗin ya gama kafin a fara, ana karatu a ƙasa biyu ko fiye, ana ba ɗalibi yuro 1,400 duk wata. Baban da ya tambaye ni saboda ’yarsa, Baba, nan ya kamata ta fara dubawa, ba Chevening ba.

Sai maganar rubutu, inda na fi amfana. Chevening na neman amsa huɗu a rubuce: jagorancin da ka taɓa yi, yadda kake ƙulla hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas ɗinka a Birtaniya, da abin da za ka yi in ka dawo, domin sharaɗi ne ka koma ƙasarka aƙalla shekara biyu. Na kai mata shafi biyu a kan yadda na yi wakilin aji a jami'a da yadda nake da burin kawar da yunwa a Afirka. Ta karanta, ta ɗago kai ta tambaye ni da Turanci ina nake kwana da yini. Na ce kasuwa. Ta ce to me ya sa babu kasuwa a takardar?

Haka ta yi ta tatsa ta kusan awa guda har na ba ta labarin farkon 2023, lokacin da aka canja fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace. A lokacin albasa na zube, masu saye na so su tura kuɗi ta waya, ’yan dako da yaran mota kuma ba su da asusun banki, ba sa karɓar komai sai a hannu. Kaya suna ruɓewa a cikin mota saboda babu mai saukewa. Ni na tara ’yan dakon layinmu, na buɗe littafi na daban, ana turo kuɗin sauke kaya cikin asusuna, ina rubuta haƙƙin kowa, na yi yarjejeniya da mai abinci da mai shayi su riƙa ba su bashi ina biya ta waya da yamma. Daga baya na raka waɗanda suka yarda aka buɗe musu asusu. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin jagoranci ba. A wurina fita kunya ce kawai, kada kayan Kawu su lalace. Madam ta ce wakilan aji dubu za su nema a bana, amma wanda ya riƙe layin albasa a Mile 12 cikin wancan watan ba su da yawa. Ta ƙi rubuta mini ko jimla ɗaya. Sau biyar ina kai mata tana mayar da ni. Daga wannan labarin muka zaɓi kwasa-kwasai uku da ake buƙata, ciki har da tattalin arzikin noma a Jami'ar Reading da wani a Jami'ar Greenwich, inda suke da cibiyar da ta daɗe tana bincike kan asarar amfanin gona bayan girbi. Ruɓewar albasa tsakanin Kebbi da Legas ta zama kan maganata.

To, daga nan ne zance ya fara sauyawa.

Da Satumba ta kama, mutane suka yi yawa, sai aka miƙa ni ga wani saurayi a ɗaki na biyu. Shi aikinsa sauri. Ya turo mini rubutuna wai ya gyara, na tarar ya sauya mini sakin layi na farko da wasu manyan kalmomi da ni kaina sai na duba ƙamus. Ina zaune a benci ina jira, wata yarinya kusa da ni tana karanta nata a waya, idona ya faɗa kai: jimlar farko iri ɗaya da tawa, harafi da harafi. Gabana ya faɗi, don Chevening na bincikar kwafe, kuma in aka kama ka an yar da takardarka ke nan. Na mayar da nawa yadda yake. Da na kai ƙara wurin Madam ta ba ni haƙuri, ta yi masa faɗa, amma saurayin yana nan har yau. Masu biyan 400,000 kuwa a hannunsa rubutunsu yake fitowa. Wannan kaɗai ya isa in ce kada kowa ya kusanci wancan farashin.

Abu na biyu, sun matsa mini lamba in shiga ajinsu na shirin jarrabawar IELTS ta gwajin Turanci, da kuɗinsa daban. Sai da na karanta da kaina na ga Chevening ta daina gindaya nata sharaɗin Turanci, jami'ar da ka nema ita ke yankewa, kuma jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar C6 na Turanci a WAEC daga ɗan Najeriya. Ba wanda ya faɗa mini haka a ofishin.

Na uku shi ne ya fi ba ni haushi, kuma shi ya tabbatar da maganar Kawu. Duk zuwan da na yi sai an nuna mini wata jami'a da suke hulɗa da ita, wai tana ba da tallafi. In ka bincika, ragi ne na fam dubu biyu ko uku a kan kuɗin makarantar da ya ninka haka sau da yawa, sauran kai za ka biya, da kuɗin biza da jirgi da haya. Wannan ba tallafi ba ne, rangwamen ciniki ne. A nan ofishin ke samun kamashonsa daga jami'a, shi ya sa bakinsu ya fi zaƙi a kai. Ɗan kasuwa ne ni, ban ga laifin cin riba ba, amma a faɗa wa mutum wane kaya ake sayar masa.

Sai cikakken sakamakon jami'a, wanda muke kira tiranskirif. Sun karɓi 30,000 wai suna da mutum da zai bi mini. Mako bakwai shiru. Ƙarshe ni na hau mota na je na kwana biyu ina bin ofisoshi, kafin ya fito an rufe kwas ɗin Jamus da nake hari a Jami'ar Hohenheim. Kuɗin bai dawo ba. Erasmus kuwa na nema biyu, ba a ɗauke ni ba.

Wani abin da ya kamata kowa ya sani: neman Chevening ko kwabo ba a biya, haka na Commonwealth, wanda ake bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya a Abuja ko ta jami'o'in Birtaniya a ɓangarensa na haɗin gwiwa. Babu wani ofishi a Yaba da ke da hanya a ciki. Mai son Amurka ya fara da EducationUSA, masu ba da shawara na ofishin jakadancin Amurka a nan Legas. A lokacin akwai ma wani reshe na Fulbright, tallafin karatu na gwamnatin Amurka, da ke ɗaukar matasan malamai su je jami'o'in Amurka su koyar da Hausa ko Yarabanci na tsawon shekarar karatu guda. Da na ambace shi a ofishin, kallon juna suka yi. Harshen da muke ciniki da shi a Mile 12, su ba su san yana da kasuwa ba.

Na tura takarduna na Chevening kwana huɗu kafin a rufe a farkon Nuwamba. A Fabrairu saƙo ya zo an kira ni intabiyu. Nan Madam ta dawo da kanta, kuma dole in yaba mata. Sau uku muka yi gwaji, lokacin jirgin ƙasa na jan layi ya fara aiki, ina hawa daga Agege in sauka Yaba cikin sauƙi. Ta zaunar da mutum biyu suna jefo mini tambaya, ta ɗauke ni a waya ta nuna mini yadda nake sunkuyar da kai idan babba na magana. Na ce mata a wurinmu ladabi ne. Ta ce ta sani, su ma Yarbawa haka suke, amma na minti talatin ɗin nan in ɗaga ido. Ranar intabiyu tambayoyi biyu da ta ce za su zo sun zo, har da wadda ta shafi me zan yi a shekarar farko bayan dawowa.

A Yuni sakamako ya fito, ban samu ba. Na gaya wa Kawu muna cikin ƙirgar buhuna. Ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Kuɗina fa?" Na gama biyansa tun da azumin 2025 ma, tsokana ce kawai.

Da za a mayar da ni Yulin 2024, zama huɗu zan saya a kan 20,000 kowanne, kuma in kafa sharaɗin da Madam kaɗai zan zauna: ɗaya na tace jerin tallafi, biyu na karanta rubutu, ɗaya na gwajin intabiyu. Naira 80,000 ke nan, kuma duk alherin da na samu a wurin yana cikinsu. Tiranskirif ka bi abinka da ƙafarka tun kana ajin ƙarshe ko da zarar sakamako ya fito, malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida kuma ka fara gaishe su tun yanzu, ba sai ana saura mako guda ba.

Za a sake buɗe Chevening a Agusta kuma zan sake nema, wannan karon daga teburin Kawu. Tiranskirif na hannuna, na Jamus ma ba zai wuce ni ba. Na riga na kira Madam na kama zama ɗaya a mako na biyu na watan, ta ce in zo da sabon rubutu, kada in kawo mata na bara.