Wata 8 da na'urar sikanin ta waya a ɗakin haihuwa

Ni ungozoma ce, shekarata 14 ina karɓar haihuwa, yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Rigasa, Kaduna. Ni da likitanmu muka haɗa kuɗi muka sayi irin na'urar sikanin ɗin nan da ake jonawa da waya, wadda ba ta fi tocila girma ba. Kuɗinta ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa tayawa ya san yadda dala ta mayar da ita. Ni dai tun a daren farko da ta yi mini rana na yafe kuɗina.

Cikin watan Agusta ne, wajen ƙarfe 2 na dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, an ɗauke wuta, inji kuma ya ƙi tashi. Sai ga wata baiwar Allah an kawo a keke, ciki na uku, ya shiga wata 9, zaninta sharkaf da jini. Sau ɗaya ta taɓa zuwa awo, sikanin kuwa ko sau ɗaya. Uwar mijinta tana riƙe da ita tana cewa, "Sista, ki taimaka ki sa hannu ki duba mana, haihuwa ce ta zo." Na taɓa cikin, lakwas, ba ciwo, ba alamar naƙuda, ga jini jajir. Gabana ya faɗi. Tun muna makaranta aka ja mana kunne cewa jinin da ya zo ba tare da ciwo ba, kada a kuskura a sa yatsa sai an san inda mabiyiya take.

A da, abin da zan iya shi ne in ce su tafi babban asibiti, su kuma su tsaya gardama, a zatonsu aiki nake gudu. Wannan karon na matsa man sikanin a mararta, na ɗora na'urar, nas ɗina tana haska mini da fitilar waya. Ga mabiyiya nan kwance ta rufe bakin mahaifa ruf, kan yaro yana can sama bai sauko ba. Zuciyarsa tana bugawa wajen 140 a minti, lafiya lau, tunda tsakanin 110 zuwa 160 ake so. Na juya wa tsohuwar fuskar wayar na ce, "Mama, kin ga wannan? Mabiyiya ce ta riga yaro sauka ta tare hanya. In na sa hannu, jinin da zai ɓalle ba mu da abin tsayar da shi a nan." Ta yi shiru tana kallo, can ta leƙa waje ta ce wa ɗanta, "Maza nemo mota."

Na sa mata ruwa a hannu biyu, na tura wa likita hoton ta WhatsApp, muka bi ta Bakin Ruwa zuwa asibitin Barau Dikko. Da asuba aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini, aka ciro 'ya mace. Wallahi a hanyar dawowa kuka na yi ta yi a mota, don na san matan da irin wannan jinin ya tafi da su. Bayan wannan na'urar ta nuna mini tagwaye sau biyu a cikin da ake zaton ɗaya ne, da yaro guda da ya kwanta a gicciye.

To amma raina a ɓace yake, kuma dole in faɗa. Mutumin da ya sayar mana bai taɓa ambata cewa manhajar da na'urar ke aiki da ita a waya tana da kuɗin shekara ba, kuma da dala ake biya. Sai da saƙo ya faɗo a waya muka sani. Na kira shi, wai ai yana cikin takarda. Wace takarda? Wadda aka rubuta da ƙananan haruffa ya cusa a ƙasan kwali? Ga zafi. A watan Afrilu, lokacin da Kaduna ke tafasa, in na duba mata uku a jere sai ta ɗau zafi ta tsaya, in jira ta huce, mai naƙuda tana murƙususu a gabana. Tana shanye cajin waya kamar me, shi ya sa na ware mata waya ta daban da fawa banki. A kan mace mai jiki kuwa hoton dishi-dishi yake fitowa.

Wani abin da ke damuna ba laifin na'urar ba ne. Tunda labari ya zagaya unguwa, mata ke zuwa su ce, "Anti, duba mini mace ce ko namiji." Ni ba don wannan na koya ba. Abin da aka horar da ni a kai kaɗan ne: yaro nawa ne, yana da rai, yaya ya kwanta, ina mabiyiya take, ruwa ya isa. Abin da ya wuce haka, wurin masu babbar na'ura nake turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce kowace mai ciki ta yi sikanin sau ɗaya kafin mako 24, da matar nan da aka kawo a keke ta yi, da an sa mata ido tun kafin jini ya zo. 'Yar'uwata ungozoma, in ba ki sami wanda zai zauna ya koya miki ba, kada ki saya, don za ki ga inuwa ki ce mabiyiya ce.

Da za a mayar da ni baya zan sake saya, amma ba a hannun mutumin nan ba. Mako 3 ke nan igiyar da ke haɗa ta da waya ta fara yankewa daga gindi, sai na danne da yatsa hoto ke tsayawa. Na zaga kasuwar Sheikh Gumi ban sami irinta ba. Shi kuma kullum "tana hanya daga Legas, Hajiya," jiya ma ko ɗaga wayar bai yi ba. Yanzu da salatif na naɗe ta, kuma gobe ni ke da aikin dare.