Na rataya ragayar kwana da igiyar ɗaure kayan mota, ga yadda ta kaya

Gonar kawuna tana can gefen Jiratawa, kusa da Maradi, kuma duk shekara in an yanke hatsi an ɗaure dammuna, kafin a samu amalanken kwashewa ni ake turawa kwanan gadi, wai don ni ne mai moto kuma ni ne ban aje iyali ba tukuna. Kwanan ƙasa cikin gona lokacin kaka kuwa wanda ya yi shi ya sani, ƙarangiya ta cika maka tabarma, kunama na yawonta, ga tunanin kububuwa da ba ya barin mutum ya runtsa. Shi ya sa bara da na ga ragayar kwana wajen 'yan bosho, wadda 'yan lekol ke ce ma hamak, ta kyallen nan mai santsi kamar na laimar sojan sama, ban yi ciniki da yawa ba na ɗauka. Sai da na kai gida na lura babu igiya cikin jakar.

Na fara da igiyar leda irin ta guga. Kafin asuba ta saki har ɗuwawuna na gogar ƙasa, sannan da na kwance ta sai ga ta ci bawon iccen ta bar mishi zobe. Kawu da ya gani bai ce komi ba sai da ya shafa wurin da hannu, ya ce "ɗan nan, gawon ga tun yana toho nike rainonshi, kai kuma dare ɗaya za ka yi mishi kaciya?" Kunya ta ishe ni wallahi. Mutanen wajenmu tun da aka shigo da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa cikin gona ana rainonshi, cikin shekarun 1980 ba su wasa da iccen gona, kowane toho an san mai shi, kuma rayuwar icce ai ƙarƙashin bawon nan take bi, in ka zagaye shi da rauni ka gama da shi.

To daga nan ne tunanin igiyar ɗaure kaya ya zo mini, mai faɗin nan kamar ɗamara da ake ƙulle kaya bisa kamiyo, mai ƙarfen da ake ja yana kas-kas-kas yana matsewa. Faɗinta shi ne amfaninta na farko, nauyi na bazuwa bisa bawo maimakon ya taru layi guda. Na sayi guda biyu ƙanana a kasuwa jika biyu, masu ruwan lemu, faɗin kamar santimeta biyu da rabi, tsawo mita biyar, babu wani rubutu ko ɗan kyallen bayani jikinsu, ni kuma lokacin ban san ana duba wannan ba.

Ranar farko fa abin ya burge ni, minti uku na gama rataya, babu ƙulli babu wahala. Amma ƙarfen nan shaiɗan ne, in ka fara ja ba ka son bari, kana jin kas-kas kana ganin ragaya na miƙewa sak kamar gadon asibiti, zuciya na ce maka ƙara ɗaya. Na ɗame ta kamar fatar kalangu na ce yau za a yi barcin sarauta. Na zauna lafiya lau, na ɗaga ƙafafu, ina juyawa in gyara kwanciya sai ji na yi tau! ƙugiyar gefen kai ta buɗe baki ta miƙe, ni kuma sai ga ni ƙasa da ƙeya. Allah ya taimake ni yashi ne kuma ban rataya da tsawo ba, amma ƙarfen da ya tsinke ya wuce ta gefen kunnena, har yau in na tuna sai jikina ya yi yar. Kwana huɗu ina juya wuya kamar wanda aka sa ma karan tsaye.

Ni dai na ɗora laifin duka bisa arhar igiya, ina ta faɗa a gida, sai ƙanena da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce "Yaya, kilo nawa gare ka?" na ce 80. Ya ɗauki biro ya zana mini bayan kwalin shayi. Ya ce in igiyar ta sauko da lanƙwasa ta digiri 30, kowane gefe kilo 80 yake ɗauka, daidai nauyina. In na matse ta koma digiri 10, kowane gefe ya kai wajen kilo 230. In kuwa ta kusa miƙewa, digiri 5, abin ya haura 450, kuma wannan ina kwance shiru ne ban motsa ba, ballantana in faɗa mata da ƙarfi. Na ce kai yaro ban da ƙarya, ya ce lissafi ne Yaya ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ashe ni da hannuna na mai da kaina buhu huɗu da rabi na rataya ma 'yar ƙugiya. Ya kuma koya mini dabarar awo da hannu, ka miƙa manuniya a kwance ka tada babban yatsa tsaye kamar bindiga, layin da ya taso daga kan manuniya zuwa kan babban yatsa kusan digiri 30 ke nan, sai ka daidaita igiyarka da shi.

Igiya ta biyu wajen abokina direban babbar mota na samo, shi ya nuna mini ɗan kyallen da ake ɗinkawa kusa da ƙarfen. Na ƙwarai irin na Turai suna da shi, an rubuta LC da lamba da daN, kuma daN ɗaya kusan kilo ɗaya ne, wato iyakar jan da aka yarda a yi mata ke nan. Launin kyallen ma magana ne, shuɗi foliyesta ce wadda ba ta cika saki ba, kore nailan ce mai miƙewa, mai ruwan ƙasa kuma irin ledar buhu ce wadda rana ke saurin cinyewa, kuma kun san ranar Maradi ba ta da tausayi. Na ɗauki mai shuɗi. Ya kuma nuna mini inda aka rubuta ba a ɗaga kaya da ita, don ɗaurewa kawai aka yi ta, ya ce in ka faɗo kar ka zo ka ce ni na sa ka. Shi ya sa ba na rataya ta fiye da tsawon kujera daga ƙasa, kuma ina share ƙasan in kwashe duwatsu da kututturan kara.

Yanzu yadda nike yi, ina neman itatuwa biyu masu tazarar taku biyar zuwa shida, in zagaya igiyar daidai tsawon kaina ko sama kaɗan, sau biyu. Ƙugiya na daina dogara da bakinta, ta cikin madaukin ɗinki nike zura igiyar ragayar in ƙulle. Ƙarfen kuma ja kaɗan nike mishi, don dai ɗamarar ta naɗe sandar ciki sau biyu zuwa uku ta kama, in rufe hannun ya kulle, shike nan, ragaya na lanƙwashe kamar ayaba ni kuma in kwanta a karkace, kai gefe guda ƙafa ɗayan gefen, bayana ya miƙe sosai. Haka na yi kwana tara a jere, safiya na same ni inda na kwanta, bawon gawo kuma ko alama babu, kawu da kanshi ya zagaya ya duba.

Abin da ban so ba, nauyi. Ƙarafan nan biyu sun fi ragayar kanta nauyi nesa ba kusa ba, mai moto ba ruwanshi amma mai tafiya ƙasa zai ji su. Yashi na shiga haƙoran ƙarfen ya cije, in ka sa mishi baƙin mai kuma ya ƙara kwasar ƙura ya ɓata maka kyalle, ni goge shi nike da tsohon burushin haƙori. Wajen kwancewa yana saki gaba ɗaya lokaci guda, ya taɓa datse mini fatar yatsa. Gawo babba kuma cin igiya gare shi, zagaye biyu sai ka ga mita biyar ta ƙare, dole ka koma ga dogon yaro ko ka yi zagaye ɗaya. Sai tururuwa da suka mai da faɗin igiyar gudron, dare na biyu har cikin riga, sai da na ɗaura tsumma mai ɗan kananzir can kusa da icce nesa da ɗamarar ragaya suka rage. Sauro ma ta ƙasa yake cizo ta cikin kyallen, gidan sauro na sama kaɗai bai isa ba sai ka shimfiɗa bargo, wanda dama za ka so shi don iskar asuba ta baya take shiga.

Ƙarfen gefe guda ma na yanke shi kwanan nan, na kai ma mai ɗinkin takalma ya yi mini madauki da zare mai kauri, ya fi sauƙin ɗauka sosai. Ɗayan na bar shi yadda yake, don da shi nike ɗaure buhun zogale bayan moto in za ni shigo gari ranar Juma'a.