Mako Takwas Ina Rubuta Duk Abin Da Na Ci

Bayan ƙaramar Sallah na je awon jini a wani asibitin kuɗi nan cikin garin Sakkwato, saboda wata kasala da ta addabe ni, wadda na daɗe ina ɗora wa zafin bazara. An auna sukarina kafin in karya, ya nuna 112. Likita ya ce ban kamu ba tukuna, amma ina bakin ƙofa: daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, daga 126 kuwa, in an maimaita awon ya tabbata, ciwon sukari ne. Bai rubuta mini magani ba. Ya tura ni wurin wata ma'aikaciya mai ba da shawara kan abinci, kuma a kan abin da ta ba ni nake wannan sharhi.

Da ta tambaye ni abin da nake ci, na amsa mata da zuciya ɗaya cewa ni ba mai yawan ci ba ne. Tuwo da dare, ɗan abin da ya samu da rana, shi ke nan. Ta ce, "Malam, ban ƙaryata ka ba. Amma tahi da littafin ga, duk abin da ya wuce maƙoshinka ka rubuta, ko da dabino guda ne. Bayan sati biyu ka dawo mu duba tare."

Ɗan littafi ne da ke shiga aljihun gaban riga, kowace rana da shafinta. An raba shafin gida biyar: lokaci, abin da aka ci ko aka sha, yawansa, inda aka ci, sai gida na ƙarshe mai tambayar ko yunwa ce ta sa. A bangon baya an zana hannu: dunƙulen hannu shi ne ma'aunin tuwo ko shinkafa, tafin hannu na nama da kifi, kan babban yatsa na mai. Wannan zanen shi ne abu mafi hikima a littafin, domin babu wanda zai ɗauki sikeli ya bi akushi da shi.

Kwana ukun farko na riƙa bari sai bayan Isha'i in zauna in tuno. Da na buɗe shafukan, sai ga daidai abin da na faɗa wa ma'aikaciyar, tuwo da ɗan abin rana. Uwargida ce ta leƙa ta ce, "Baban yara, ina hurar da aka dama maka da azahar? Ina masar da kas sayo?" Daga ranar na koma rubutawa nan take, kafin ma in wanke hannu. Wanda duk zai gwada wannan abu, ya san cewa rubutun dare ba ya kama komai sai abin da aka zauna aka ci a kwano. Abin da aka ci a tsaye ko a kan hanya, kafin dare ya bi iska.

Ga shafin wata Talata a mako na biyu, yadda yake a rubuce. Bayan Asuba, shayi kofi ɗaya a gida, sukari ƙaramin cokali huɗu, da burodi. Ƙarfe tara, masa biyar a bakin ofis. Sha ɗaya, shayi mai madara wurin mai shayin da muke zama. Bayan Azahar, fura da nono kwano guda, sukari cokali uku. La'asar, lemon kwalba mai sanyi, domin rana ta yi tsanani. Bayan Magariba, tuwon shinkafa malmala biyu da miyar kuka. Bayan Isha'i a majalisa, shayi kuma, da tsire tsinke uku da wani aboki ya sayo. Sau bakwai ke nan. A gidan nan na tambayar yunwa, sau biyu kawai na rubuta "e".

Ranar da na koma, ma'aikaciyar ta ɗauki jan biro ta riƙa zagaye duk inda sukari yake. Ta ce ƙaramin cokali ɗaya kusan gram 4 ne. Shayi uku, in kowanne cokali huɗu ne, gram 48. Na fura gram 12. Galibin lemon kwalba kuwa yana ɗauke da kimanin gram 10 a kowane mililita 100, don haka kwalbar rabin lita ta kusa gram 50 ita kaɗai. Jimla ta haura gram 100. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan gram 50 ga babba, kuma in an iya sauko da shi zuwa gram 25 ya fi. Na ninka iyakar sau biyu, alhali duk a cikin abin sha ne, abin da ban taɓa lissafawa a matsayin ci ba. A wurinmu in an ce "ka ci abinci?" tuwo ake nufi. Fura sha ce, shayi sha ne, kunu sha ne. Littafin bai san wannan bambanci ba, kuma rashin saninsa ne ya amfane ni.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne fura. Na tashi a kanta, mahaifina har ya koma ga Allah ita ce abincinsa na rana, kuma ban taɓa ganin ya sa mata sukari ba. Gero ne da nono da ɗan yaji. Na shiga fargabar za a ce in bar ta. Ma'aikaciyar ta ce laifin ba na gero ba ne, na cokali ukun nan ne da girman kwanon. Yanzu ludayi shida nake sha, ba sukari. Makon farko ta yi mini lami, daga baya sai na fara jin tsamin nono da ƙamshin citta da kanumfari yadda na san su ina yaro.

Gishiri ma ya fito, ko da yake ba shi ya kai ni ba. Iyakar da hukumar ta sa ƙasa da gram 5 ne a yini, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen magi kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne. Mun rage yawan da ake sa wa miya, aka ƙara daddawa. Na ganye da 'ya'yan itace kuwa abin ya ba ni takaici. Shawarar ita ce gram 400 a yini, ni kuma a kwana goma sha huɗu sau uku kacal na rubuta wani abu mai kama da haka: kankana sau ɗaya, kwaɗon zogale sau biyu. A garin da ake jibge albasa da tumatir da karas da kabeji a Ramin Kura, ga fadamun Kware da Wurno da Goronyo kusa da mu, wannan ba rashin samu ba ne.

To, sai dai littafin yana da nasa rauni, kuma babba ne. An tsara shi ne don mutumin da ke cin abinci shi kaɗai a farantinsa. Mu kuwa ranar Juma'a ni da ƙannena huɗu muke haɗuwa a gidan Inna, a kawo tire ɗaya a ajiye tsakiya. Ta yaya zan san dunƙule nawa na ci? Na gwada ƙirga loma a zuci, sai hira ta ɗauke ni a ta shida. Haka ranar ɗaurin aure ko suna. Ba ka fitar da littafi a gaban mai gida kana rubuta abin da ya ba ka, rashin kunya ne, kuma mayar da kwano yadda aka kawo shi ya fi haka muni. Ranar da Inna ta gan ni ina rubutu bayan cin tuwo, ta ce, "Mi kaka rubutawa, ɗan nan? Abincina ne ka yi ma lissahi?" Sai da na zauna na yi mata bayanin awon jinin kafin ranta ya kwanta. Tun daga nan ita ce ke cewa a kawo mini ruwa maimakon lemo. Littafin bai tanadi komai ba game da irin wannan, kuma ma'aikaciyar ma abin da ta iya cewa shi ne in kimanta. A ganina wanda ya tsara shi ya kamata ya zauna gaban tire ko sau ɗaya.

Gidajen rubutun ma sun yi ƙanƙanta, ga takardar ba ta jure gumi. Cikin zafin da ke haura digiri 40, kafin mako na uku bangon ya saki, sai da na naɗe shi a leda. Kuɗin ganin ma'aikaciyar kuma, sau huɗu cikin wata biyu, ba kowane mai albashi zai iya ba.

Ɗana ya sauke mini wata manhaja a waya mai lissafa ƙarfin abinci da kanta. Kwana huɗu na yi da ita na bari. Ba ta san tuwon gero ba, ba ta san dambu ko ɗanwake ba, in na nemi fura sai ta kawo mini wani abin da ban taɓa gani ba. Ga shi komai sai da gram. Takarda da biro sun fi ta dacewa da cimarmu nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma da ya kamata a kiyaye: akwai kwanakin da rubutun ya fara zama mini damuwa, har ina jin nauyin cin abin da nake buƙata don kada shafin ya cika. Na faɗa wa ma'aikaciyar, ta ce in huta kwana biyu, domin littafin na gani ne, ba na hukunci ba. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kuwa kada ya rage ci bisa abin da ya gani a shafi ba tare da likitansa ba, saboda sukari na iya faɗuwa ƙasa, shi ma haɗari ne.

A ƙarshen mako na takwas aka sake awo, ya nuna 101. Ban fita daga yankin gargaɗi ba, kuma ba zan ce littafin kaɗai ya yi aikin ba, domin na fara takawa zuwa masallaci da kasuwa maimakon hawa babur. Amma shayi ya koma biyu da cokali ɗaya ɗaya, lemo sai ranar biki, kasalar bayan Azahar kuma ta ragu ƙwarai. Wanda aka ce masa yana bakin ƙofa kamar ni, ina ba shi shawarar ya yi ko da mako biyu ne, ya kuma sami wanda ya san aikin su duba tare, domin ni kaɗai da ban zagaye sukarin nan da jan biro ba.

Shafukan littafin sun ƙare ana saura kwanaki babbar Sallah. Ban sayi wani ba. Na karɓi littafin makaranta mai ganye arba'in wurin ɗiyata, na ja layukan da kaina da faɗi, na ƙara gida na shida: da wa na ci. Uwargida ta ce in ja mata nata, za ta fara bayan an gama suyar layya.