Janaretan motar kwana: mai fetur ko mai gas ɗin girki?

Duk wanda ke da motar nan mai ɗaki da madafa a ciki ya san yawancin ciwon janareta daga zama yake farawa. A nan ne mai fetur ya fi shan wahala. Fetur in ya yi 'yan watanni a ajiye sai ya lalace, ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireta, musamman wanda aka gauraya da itanol (wani sinadari dangin barasa), don yana jan ruwa daga iska. Sai ka ji injin yana tashi yana faɗuwa, ko ya ƙi kamawa ƙememe. Maganinsa a zuba sinadarin hana fetur lalacewa, a kuma riƙa tayar da janaretan duk wata kamar awa 2, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Kuma a yawancin motocin, mai na sauka zuwa kwatan tankin motar janareta zai mutu.

Gas kuwa ko ya shekara ba ya lalacewa. Sai dai ƙarfinsa bai kai na fetur ba, ga shi tukunya ɗaya yake sha da murhu da firji, nan da nan ta ƙare.

Ni dai, mai yawan tafiya ya riƙe fetur. Wanda motarsa ta fi zama a ajiye, gas ya fi masa sauƙi.